Kada Ki Yi Wa Zazzaɓi Kara

Nassarawa GRA, Kano
Talata, bayan la'asar

Sakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki fatan alheri a tafiyar nan da kika ɗaura wa niyya. Allah Ya tsare ki a gida, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare abin da ke bugawa a ƙirjinki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki sauka.

Ki sake duba saman takardar nan. Sunanki ne, da hannuna. Ba ki taɓa jin sa daga bakina ba, domin ke 'yar fari ce, kuma an tarbiyyantar da ni a kan cewa mace mai mutunci ba ta kama sunan ɗanta na fari. "Ke" nake ce miki, a gaban mutane kuma "yarinyar nan". Ke ma kika tashi kina kira na Anti, kamar wata baƙuwa da ta zo hutu ta ƙi komawa. An sha yabona a kan wannan alkunya. Yau zan gaya miki abin da yabon ya ci mana.

Za ki ce me ya kawo wasiƙa alhali ƙofar ɗakinki tana kallon tawa. Jiya a tebur na fara magana, kika ce, "Anti, don Allah kar mu fara," kika tashi kika bar tuwo a faranti. Takarda ba a katse ta. Kina iya yaga ta, amma na san halinki, sai kin karanta kafin ki yaga.

Da farko ki san inda na tsaya. Ranar Asabar za ki tafi bautar ƙasa Taraba, kuma ina bayanki. Tun da sunanki ya fito dangin Abbanki suke sintiri a falona, kowa da wanda ya sani a ofis, kowa na cewa a kai takardar asibiti a dawo da ke Kano. Kin ƙi, kuma ban taɓa alfahari da ke kamar ranar ba. Kakarki Hajiyar Gama ta sa aka ɗauko ta a mota takanas, ta zauna ta ƙare mini kallo ta ce, "Yanzu yarinya da agogo a ƙirji za ku tura bayan duniya? Ko da yake ke boko ya cinye miki tausayi." Na ce, "Hajiya, agogon nata ne, ita ta san lokacinsa." Ba ta ci abincina ba ranar. Mai gadi ya ji daɗinsa.

To amma ina da ido. Makonni ke nan kina sa rigar sanyi da la'asar, a watan da kwalta ke narkewa. Ke da ba ki taɓa wanke ko hankici ba, kin koma wanke zanen gado da kanki da sassafe, kina shanyawa a bayan ɗakin janareta don kada a ga yadda ya jiƙe da gumi. Siket ɗin da aka ɗinka miki da ƙaramar salla kin mayar wa tela ya rage ƙugu. A kwandon shara na ga fankon maganin maleriya, ba ɗaya ba. Na tambaye ki, kin ce gajiyar shirye-shirye ce. Zazzaɓi kike yi, kina ɓoyewa, kuma kina shirin ɗaukar sa ki kai shi garin da likitan zuciya mafi kusa sai an yi tafiyar yini.

Ba zan roƙe ki ba, ban iya ba. Kurakuraina zan gaya miki, domin na ga kina taka sawunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin yana ƙona mini rai.

Kina aji uku na firamare kika yi ciwon maƙogwaro. Ya wuce. Bayan 'yan makonni gwiwarki ta kumbura, ta saɓe, idon sawu ya ɗauka, daga nan sai gwiwar hannu. A lokacin ina koyar da tarihi a kwaleji, ina da digiri biyu, ina karanta duk abin da ya faɗo hannuna har takardar da aka naɗo ƙosai. Na san ciwon da ke yawo daga gaɓa zuwa gaɓa a jikin yaro ba na wasa ba ne. Da ƙaninki Mubarak ne, da kafin magariba muna asibiti. Amma ke ce. Hajiyar Gama ta ce sanyi ne, ta ɗauke ki zuwa gidanta, ana shafa miki man zafi ana turara ki. Ni kuwa na zauna a nan ina duba wa 'ya'yan mutane jarrabawa, don kada a ce ga marar kunya tana rawar jiki a kan 'yar fari. Ko lemo na aika miki, sai na ce wa direba ya ce daga Abbanki ne. Wannan ciwon ne ya yi ta cin ƙofar zuciyarki a hankali, har kina shekara goma sha huɗu aka kai ki Indiya aka cire ta, aka sa miki bawul na ƙarfe.

Kunya tana da wurinta. A gaisuwa, a sutura, a gaban akushi. Ba ta da wuri a bakin gadon marar lafiya. Duk ranar da jikinki ya gaya miki abu ɗaya, al'ada ta gaya miki wani, ki bi na jikinki, domin idan abin ya ɓaci ba al'adar za a kwantar a yanka ba.

Na biyu ya fi muni, kuma wannan ba kunya ba ce, son jiki ne irin namu na unguwar nan. Kin gama sakandare, kika yi amai da gudawa. Mu a GRA ba ma bin layin asibiti, asibiti ke zuwa gidanmu. Na kira Sista Ladi, nas ɗin nan 'yar Zariya da ke zaune a Kaura Goje, wadda ke yi wa rabin gidajen layinmu allura. Ta sa miki kanula, 'yar robar nan da ake zurawa a jijiya, a bayan hannu, ta rataya ruwa a ƙusar labule. Kika warware. Da ta zo cirewa kika fara hawaye, kin gaji da huji, jijiyoyinki duk sun ɓuya tun Indiya. Na ce, "Sista, bar mata ita mana, ko za a ƙara wani ruwan." Ta ce, "Hajiya, ba a so ta daɗe, balle ita da ke da ƙarfe a ciki." Na ce, "Haba Sista, ai muna lura." Ta dube ni, ta yi mini kara. Ta ƙara filasta ta tafi. Robar nan ta kusa mako a hannunki. Kina wanka da ita, kina alwala ruwa na bin gefenta, filasta ta yi baƙi mu ɗora sabuwa a kai. Da wurin ya yi ja yana zafi, ni da bakina na ce filastar ce ba ta karɓe ki ba.

Daga baya na karanta. Na karanta har likitoci suka fara canza hanya idan suka hango ni a baranda. Ƙwayoyin cutar da suka kusa kashe ki ba baƙi ba ne, ba daga kwata suka fito ba, ba kuma jifa aka yi miki ba kamar yadda gwaggwanninki suka yi ta raɗa. A fatarki suke zaune. Kowa na da su, liman na da su, amarya na da su ranar da aka wanke ta da turare. A kan fata ba sa cutar kowa. Ko sun ɓata hanya sun shiga jinin mai lafiya, yawanci jiki ya share su ba tare da mai jikin ya sani ba. Abu ɗaya suka iya, kuma sun iya shi sosai, wato manne wa roba da ƙarfe. Su bi jikin kanula su gangara cikin jini, su yi ta yawo har su tarar da bawul da zaren da aka ɗinke shi. Nan sai su zauna, su lulluɓe kansu da wani yauƙi kamar na kuɓewa, magani ya zo ya wuce ta samansu. Ba sa gaggawa. Ba sa kayar da mutum rana ɗaya kamar maleriya. Ɗan zazzaɓi da yamma, gumi cikin barci, kasala, rama. A ƙasar da kowane zazzaɓi sunansa maleriya, idan ya ƙi tafiya a canza masa suna zuwa taifot, wa zai tuhume su?

Saboda haka ki ɗauki duk wata allura da za ta shiga jijiyarki a matsayin ƙofar gida da aka buɗe. Wani lokaci dole a buɗe, ban ce ki guje wa magani ba. Amma kada ki yarda a yi miki ƙarin ruwa don kin gaji, ko don rana ta buge ki a fareti, ko don ƙawarki ta ce yana sa ƙarfi. Idan ya zama dole, ki sa ido ki ga mai sawa ya wanke hannu, ya goge fatar da kyau, ya bari ta bushe, kuma bai sake dangwala yatsa a wurin yana laluben jijiya ba. Idan bai yi ba ki janye hannunki. Ruwa na ƙarewa ki ce a cire. Idan ya yi miki irin tausayin da na yi miki, ya ce a bar ta saboda gobe, ki ce masa goben a sake huda ki.

Yanzu ga wanda har yau idan na tuna sai na ajiye cokali.

Zazzaɓin ya fara bayan an cire kanular. Aka sha maganin maleriya, ya lafa, ya dawo. Na matsa aka ɗebi jininki a kwalba, irin gwajin da ake ajiyewa kwanaki a ga ko wani abu zai tsiro. Abu ya tsiro. Dakta Ilu, aminin Abbanki tun suna makarantar kwana, shi ya kawo takardar da kansa bayan sallar Juma'a. Ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan dattin fata ne. Wurin ɗiban jinin ya shiga kwalbar. Ko ke aka ɗiba za a iya samu." Na ce, "Dakta, amma ga mai bawul na ƙarfe fa? Ba a sake ɗiba a tabbatar ba?" Ya yi murmushi ya dubi Abbanki ya ce, "Alhaji, ka ga illar auren malama. Yanzu za ta ba ni jarrabawa." Abbanki ya ce, "Malama, nan ba aji ba ne." Suka yi dariya. Ni ma na yi. Ki karanta wannan da kyau, na yi dariya, na tashi na kawo musu kunun aya mai sanyi.

Ba ƙarya ya yi ba. Sau da yawa idan waɗannan ƙwayoyi suka fito a kwalba ɗaya, daga fata suka faɗa, ba a jini suke ba. Shi ya sa suke da haɗari, domin ko an kama su ana sakinsu, an saba ganinsu a matsayin 'yan gida. Abin da ya kamata shi ne a sake ɗiba, daga wannan hannu da wancan, a ga ko su ɗin ne za su sake fitowa. Laifinsa bai sake ba. Laifina na san ya kamata a sake, tambayar tana bakina, na ma yi ta, amma da aka yi mini dariya na haɗiye ta. Ni da nake tsayar da shugaban kwaleji a taro har sai ya janye maganarsa. Na yi wa aminin mijina kara, na yi wa mijina kara a gaban baƙo, na yi wa kaina kara don kada a ce ta zaƙe a kan 'yar fari. Kowa a falon nan ya samu rabonsa na ladabi ban da ke, kina ɗaki cikin bargo.

Har yau yana zuwa gaisuwar salla. Ina amsa masa, addini ya ce a amsa. Amma ko ruwan randa bai sake sha daga hannuna ba, kuma ya san dalili.

Ki koyi kalma biyu, ki riƙe su kamar yadda kika riƙe lambar wayarki: a sake. Duk wanda ya dubi takardar jininki ya ce datti ne, ki ce masa, "Ina da bawul na ƙarfe, a sake." Zai ce ke likita ce? Ki ce a'a, ni ce mai zuciyar, a sake. Zai ce 'yan bokon nan kun fiye iyayi. Ki ce haka ne, a sake. Ba sai kin ɗaga murya ba, ba sai kin zagi kowa ba. Ki ƙi tashi daga kujerar kawai. Za a ce ba ki da kunya, za a ce wace uwa ce ta haife ki. Ki ba su sunana da unguwata.

Ban tsaya nan ba, na ƙara da wani. Da zazzaɓin ya ƙi tafiya bayan an ce datti ne, ban koma na ce a sake ba, domin hakan tamkar ƙaryata Dakta ne. Sai na zagaya ta bayan gida. Na je kemis na sayo kafso, mai kemis ya ce taifot ne, ya ba ni mai tsada, wai shi manya ke sha. Kika sha, zazzaɓi ya kwanta, na ce alhamdu lillahi. Kafson bai kashe komai ba, rufe wa ƙwayoyin cutar baki kawai ya yi. Zazzaɓin ya kwanta ya tashi, na sake sayo wani. Ranar da muka kai ki wurin likitocin zuciya suka ɗebi jini, kwalaben farko ba su nuna komai ba, saboda maganin da na ɗura miki ya ɓatar da sawu. Likitar ta tambaye ni me kika sha. Na zazzage mata jakata a tebur. Ta jera fankunan ta dube su, ni kuwa da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kin san sauran, amma kin san shi daga kan gado, ni daga tsaye na gani. Kin daina iya kwanciya sai da filo uku. Kin koma salla a zaune. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunki na hagu, kika dube ni kina son magana bakinki ya ɗan karkace, domin wani ɓarɓashi ya ɓalle daga abin da ya taru a bawul ɗin ya bi jini ya hau kai. Allah Ya taimake mu ya saki. Aka zura miki na'ura ta maƙogwaro aka ɗauki hoton zuciyar, aka nuna mini a allo, wani abu yana lilo a jikin ƙarfen, ɗinkin gefe ya fara saki. Dattin fata ke nan. Makonni shida ana ɗura miki magani ta jijiya, sannan aka sake buɗe ƙirjinki a kan tabon farko. Da suka tura gadonki za su shige da ke, na bi shi ina kiran sunanki a gaban Abbanki, a gaban ƙannensa, a gaban kowa. Ba ki ji ba, allura ta riga ta ɗauke ki. Ƙanwar Abbanki ta taɓa ni ta ce, "Yaya, mutane fa." Na gaya mata inda za ta kai mutanen. Ba mu yi magana ba har shekara ta zagayo.

Kada ki sha kafso a kan zazzaɓin da ba a san asalinsa ba. A gwada maleriya, wannan daidai ne, sauro bai san kina da bawul ba. Amma idan an yi maganinta zazzaɓi ya dawo, ko ya ƙi tafiya, jini a kwalba kafin komai ya shiga bakinki. Kafin, ba bayan ba.

Akwai na ƙarshe, kuma shi ne ya haifi abin da kike yi mini yanzu. Da kika dawo daga aikin zuciya na farko, bawul ɗin yana ƙara, ƙas ƙas ƙas, idan ɗaki ya yi tsit ana ji. Kika dawo daga makaranta kika ce wata yarinya ta tambaye ki mene ne ke ƙara a jikinki. Na ce, "Ki ce agogo ne." Har agogon hannu na saya miki mai ƙara don ƙaryar ta zauna. Ina tunanin aure, ina tunanin bakin mutane, kada a ce 'yar gidan Alhaji mai ciwon zuciya ce. Na koya miki cewa abin da ke riƙe da ranki abin ɓoyewa ne. Kin kuwa koya, ke ɗaliba ce mai kyau. Yau ga shi ni kike ɓoye wa.

Na janye wannan darasi. Ranar da kika sauka, ki je asibitin sansani da ƙafarki ki gaya musu. Ki gaya wa wadda gadonta ke kusa da naki. Inda aka tura ki aiki, ki gaya wa shugaban wurin, ki nemi likita mafi kusa ki gabatar da kanki tun kina lafiya, don ranar da aka kawo ki ba kya iya magana ya san da wa yake. Idan wani saurayi ya ji ƙarar ya tambaya, ki gaya masa gaskiya. Idan ya gudu ya rage miki aiki.

Sauran ƙanana ne, kin san su, amma zan faɗa tunda takardata ce. Kada wanzami ko masu ƙahon zamani su taɓa ki, ko da sun ce sunna ce, ga fata a buɗe ga maganin tsinka jini a jikinki. Hujin kunne da kike da shi ya isa, na ji kina yi wa Mubarak zancen na hanci. Ki bar matse ƙuraje. Man bilicin da ke sa fata ta yi laushi kamar takarda ba naki ba ne, launinki na ubanki ne, kuma shi kaɗai ne abin da ban taɓa yi masa ƙorafi a kai ba. Ki kula da haƙoranki, kuma kada a cire miki ko ɗaya sai mai cirewar ya san da bawul. Lalle kam ki sa har gwiwar hannu, ba ruwana.

Na san abin da kike tsoro, kuma ba wuƙa ba ce. Kin sha wuƙa sau biyu, kin fi duk mazan gidan nan sanin ta. Tsoronki kada gwaji ya nuna wani abu, a fasa tafiya, Hajiyar Gama ta gyara zama ta ce, "Ai na faɗa." Tsoronki kada ki koma yarinyar da ake leƙawa a ɗaki ana magana ƙasa-ƙasa. Na gane, ni ma ba na son jin wannan "ai na faɗa" ɗin, na fi ki daɗewa ina jin sa. Amma ki yi lissafi irin na mai hankali. Idan kika tafi da zazzaɓin nan kika faɗi a can, aka kwaso ki a bayan mota, to su Hajiyar Gama sun ci nasara har abada. Ba za ki sake fita ko Zariya ba, kuma duk yarinyar da ta tashi a dangin nan da wata lalura, da sunanki za a zaunar da ita. Idan kuwa kika tsaya aka duba, ko dai a ce ba komai ki tafi da ƙarfinki, ko a kama abin tun yana ƙarami, tun magani na iya isa gare shi ba sai an kai ga buɗe ƙirji ba. A yi maganin, ki bi rukuni na gaba. Taraba ba za ta tashi daga inda take ba. Ni zan kai ki tasha, kuma duk wanda ya buɗe baki a falona zai ji abin da bai taɓa ji ba.

Mai yiwuwa maleriya ce mai taurin kai. Mai yiwuwa gajiyar ce da gaske. Ina roƙon Allah Ya sa haka ne, ki dawo ki yi mini dariya, ki ce Anti ta tsufa ta fara ganin aljanu a zanen gado. Zan ɗauka. Abin da ba zan sake ɗauka ba shi ne wani ya ce mini in kwantar da hankalina ba tare da an duba ba, ko da ke ce.

Ga yadda za a yi. Na yi waya da likitarki ta zuciya, tana jiranmu gobe Laraba da safe. Daga yanzu kada ki ƙara shan komai daga kemis, sai maganin tsinka jininki kamar kullum. Za a ɗebi jini daga hannu biyu, za a ɗauki hoto. Sakamakon yana ɗaukar kwanaki, idan bai fito kafin Asabar ba, ki makara, ba a taɓa rataye wanda ya makara ba. Ban gaya wa Abbanki ba, domin zai ce a kira Dakta Ilu. Ban gaya wa kowa a Gama ba. Ba zan ɓoye jakarki ba, ba zan riƙe takardunki ba, ba zan yi miki barazana da albarka ba, albarkata tana kanki ko kin bi ko ba ki bi ba. Ke babba ce, jikin naki ne.

Amma gobe bayan karin kumallo zan shiga mota in zauna a bakin get. Ni zan tuƙa, na sallami direba. Ba zan yi hon ba, ba zan aiko a kira ki ba. Zan zauna har ki fito, ko rana ta kai tsaka. Idan kika ƙi fitowa, to ranar Asabar ki duba kujerar da ke kusa da taki a motar Jalingo, na riga na sa an kama mini ita. Zan bi ki har sansani da mayafina da jakar magunguna, in tsaya a bakin fili ina kallonki kina fareti, in gaya wa duk sojan da ya tambaya cewa ni ce uwar waccan mai zazzaɓin. Ki zaɓi wanda ya fi miki sauƙi.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ya tsare jininki daga abin da ido ba ya gani, Ya tsare ki daga hannun mai sakaci da bakin mai cewa ba komai. Ya sa ki je inda kike so, ki yi abin da ya kai ki, ki dawo da ƙafarki. Ya yafe mini abin da na yi shiru a kansa. Amin.

Ki sa riga mai faɗin hannu, za su buƙaci duka biyun.

Mahaifiyarki,
Saude